Gyaran Birkin Mota a Libreville

Libreville, babban birnin ƙasar Gabon, yana bakin Tekun Atlantika ne. Ruwan saman da ake yi a can a shekara yakan kusa kai milimita 3,000, wato wajen ninki uku na wanda ake samu a Kano. Ko da ba a ruwa, iskar garin cike take da laima. Wannan yanayi yana shafar motoci ƙwarai, musamman birkinsu. Da yawa daga cikin motocin garin na hannu ne, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Owendo, saboda haka sau da yawa sai mai mota ya sake kayan birki da waɗanda wani kamfani dabam ya ƙera.

Da farko ya kamata a san yadda birki yake aiki. Idan direba ya taka birki, ƙarfin ƙafarsa yakan tura wani ruwa da ake kira man birki ta cikin bututu zuwa ƙafafun motar. A can sai man ya matsa takalmin birki a jikin faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Gogayyar da ke tsakaninsu ita ke tsayar da mota, ita ce kuma ke haifar da zafi mai tsanani. Ƙafafun gaba su ne ke ɗaukar mafi yawan wannan aiki, domin nauyin mota yakan koma gaba a lokacin tsayawa.

Mai son inganta birkinsa yakan fara tunanin babban faifai mai huji-huji, irin na motocin tsere. Amma a gari kamar Libreville abin da ya fi muhimmanci shi ne man birki, wanda ya fi komai araha. Dalili kuwa shi ne, man yana tsotsar laima daga iska a hankali. Sabon mai nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a digiri 140. Shi kuwa DOT 4 daga digiri 230 yake sauka zuwa 155. Da zarar man ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa. A nan ne direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa, motar kuma ba ta tsaya ba. Shi ya sa ake son a sake man duk bayan shekara biyu. Haka kuma ba a gauraya DOT 5 da waɗannan biyun, domin haɗinsu ba ɗaya ba ne.

Sai kuma takalmin birki. A Libreville, kamar a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, akwai gangariya, akwai jabu, kuma kwalinsu kan yi kama. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Takalmin da aka gwada bisa ƙa'idar Turai yana ɗauke da alamar R90, wadda ke nuna cewa ƙarfin kamunsa bai bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba. Gwanin bakanike ba ya sake na ƙafa ɗaya ya bar ɗaya, dama da hagu tare ake sakewa, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe guda. Ba ya kuma ƙara wa gaba ƙarfi ya manta da baya.

Daga ƙarshe, kome kyan birki, taya ce ke taɓa ƙasa. Idan ta suɗe, motar za ta zame a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Gudu ma yana da nasa hukunci: wanda ya ninka gudunsa sau biyu, tazarar da zai ci kafin birki ya tsayar da shi takan ninku sau huɗu.

Tambayoyi
1. Me ya sa man birki yake saurin lalacewa a Libreville?
2. Mene ne bambancin "gangariya" da "jabu"? A sa kowace kalma cikin jimla.
3. A bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin wannan rubutu.