Saukar Fatar Ido Ga Yara da Illar Jinkirta Tiyata

A Suleja da garuruwan da ke kewaye da Dutsen Zuma, irin su Madalla, akan ga yaron da aka haifa fatar idonsa ta sama ta sauko ta rufe rabin ƙwayar ido, har sai ya ɗaga haɓa ko ya tattare goshi kafin ya kalli mai yi masa magana. Galibi raunin tsokar da ke ɗaga fatar ne ke jawo wannan tun daga cikin uwa, babu ruwan iska ko kambun baka.

Maganar da ta fi cutar da waɗannan yara ita ce wadda dangi kan yi wa uwa, wai a ƙyale shi, idon zai buɗe in ya girma. Tsokar da aka haifa da rauni ba ta samun ƙarfi don shekaru sun ƙaru, kuma ƙwaƙwalwar yaro koyon gani take yi daga haihuwa zuwa wajen shekara 7 ko 8. Idon da fata ta tare wa haske a wannan tsakani ƙwaƙwalwa kan yi watsi da shi, ta yadda ko an ɗaga fatar bayan yaro ya balaga, fuska ce za ta gyaru, gani kuwa da wuya ya dawo. Abin takaici, waɗannan shekaru ne ake ɓatawa wajen ɗiga nono da shafa kwalli.

Masu tsoron wai likita zai ciro ido ya ajiye a faranti su kwantar da hankalinsu, domin a fata ake aikin, ba a taɓa ƙwayar ido. Likita kan rage tsawon tsokar, idan kuwa rauninta ya yi yawa sai ya haɗa fatar da tsokar goshi, yaro ya riƙa buɗe ido da ɗaga gira. Bayan aiki idon kan ɗan kasance a buɗe lokacin barci, shi ya sa ake ba da man shafawa. Babban mutum kuwa da fatar idonsa ta sauko farat ɗaya, tare da ciwon kai ko ganin abu biyu-biyu, asibiti ya kama shi a ranar.

Iyaye su fara da sashen ido na asibiti mafi kusa, daga nan a tura su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, tun yaro bai shiga firamare ba.