Tuwon Dare da Addu'ar Bakin Fili: Shirin 'Yan Wasa a Ƙasar Kabi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar Matan Fada ran da a ke babban su na Argungu ya san yadda abin ya ke. Dubban masunta sun jeru, kowa da homarsa da gorarsa, sun zuba ido suna jiran a buga bindiga. Da an buga sai su kwasa a guje su faɗa ruwa, su yi ta nutso suna kokawa da giwan ruwa har wajen awa guda. Tun shekarar 1934 a ke wannan biki, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78, watau ya fi yawancin samarin da ke cikin ruwan nauyi.

To, mai kallo ba ya ganin kome sai wannan awa guda. Alhali kuwa ƙarfin da masunci ya ɗago kifin da shi, tun daren jiya ya zuba shi cikin jikinsa, a gaban akushi. Haka al'amarin ya ke ga ɗan kokawa, da mai tseren kwalekwale a wasan kabanci, da yaran da ke buga ƙwallo a filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kebbi. Hausawa sun riga sun yanke magana, suka ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Abin da likitoci suka ƙara a kan wannan karin magana shi ne bayanin inda ruwan cikin ya ke kwana. Gero da dawa da shinkafa da rogo da dankali duk sitaci ne. In an ci, ciki ya mai da su sukari, sa'an nan jiki ya ɗaure sukarin nan ya ajiye a rumbu biyu, hanta da tsoka. Rumbun kuwa ƙarami ne, abin da babban mutum ke iya ajiyewa bai faye wuce rabin kilo ba. Gudu mai tsanani daga nan ya ke ɗiba, in ya ƙare sai ƙafa ta yi nauyi, ido ya yi duhu, kome zuciyar mutum. A shekarar 1924 waɗansu likitoci suka auna jinin masu dogon gudu a birnin Boston ta Amurka, suka tarar waɗanda suka iso a galabaice sukarin jininsu ya yi ƙasa ƙwarai. Da shekara ta kewayo aka ba su alewa suna tsotsa a hanya, suka iso da sauran ƙarfinsu. Daga baya, a 1966 da 1967, waɗansu masana biyu na ƙasar Suwidin, Bergström da Hultman, suka riƙa tsame ɗan mitsitsin tsoka da allura suna aunawa, suka tabbatar wanda ya yi kwanaki yana cin sitaci ya fi wanda ya ci nama da mai daɗewa yana aiki, nesa ba kusa ba.

Wannan ya saɓa wa abin da samari da yawa suka ɗauka, cewa nama shi ne ƙarfi. Nama da kifi suna gina jiki, ba shakka, amma gininsu na watanni ne. Wanda ya tsaya wurin mai tsire ana saura awa ɗaya a hura usur ya cuci kansa, gama mai da kitse su kan daɗe a ciki, jinin da ya kamata ya tafi ƙafa ya tsaya yana hidimar tumbi. Ƙosai ma haka, wake kuwa ga shi da kumbura ciki.

Ƙa'idar da masana suka tsayar mai sauƙi ce, kuma ƙasar Kabi ba ta da uzurin rasa ta, tun da fadamar Rima shinkafa ta ke haihuwa. Daren jajibere a ci tuwon shinkafa ko na dawa a ƙoshi, da miya maras mai da yawa, da ɗan kifi. Ran wasa a ci babban abinci ana saura awa uku ko huɗu. Sun ce kowane kilo na nauyin mutum a ba shi giram 1 zuwa 4 na sitaci, gwargwadon nisan lokacin da ya rage. Yaro mai kilo 60 ke nan, in ya ci wajen rabin kilo na dafaffiyar shinkafa da hantsi, ya sami abin da zai kai shi wasan la'asar. In lokaci ya matso sai a koma abu mai sauƙi, koko, ko kunu, ko ayaba, ko dabino kaɗan. Fura da nono abinci ne na ƙwarai, ita ce ma guzurin manoma da masunta tun kaka da kakanni, sai dai a dama ta da ruwa mai tsabta, a bar man shanu, a kuma sha ta da sauran lokaci. Kada kuma a gwada baƙon abinci ran wasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwa ya fi abinci gaggawa a wannan ƙasa, inda zafin bazara kan wuce digiri 40. Mai gudu a rana ya kan zubar da gumi lita ɗaya ko biyu cikin awa guda. In abin da ya zuba ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, watau lita ɗaya da 'yan kai ga yaron nan mai kilo 60, gudunsa da hankalinsa duk sai su ragu. Saboda haka a kan fara shan ruwa tun ana saura awa huɗu, misalin leda guda, a ci gaba da kurɓa kaɗan-kaɗan. Fitsari shi ne ma'auni, in ya yi ja, da sauran ƙishi a jiki ko da baki bai faɗa ba.

Akwai kuma masu neman ƙarfi a ƙwaya. Wannan tsohuwar wauta ce. A wasannin Olamfik na 1904 an ɗura wa wani mai dogon gudu, Thomas Hicks, guba kaɗan da barasa don ya jure, ya ci tseren, amma ɗauke shi aka yi daga fili, saura ƙiris ya mutu. Ƙwayar Tramadol da ta addabi samari, hukumar duniya mai hana shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta ta a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024.

Wa zai tsare wa yaro duk waɗannan sharuɗɗa? Mai horo. A nan ne maganar addini ta ke shigowa, domin wasannin zamani da yawa a hannun Kirista suka girma. A Ingila ta ƙarni na 19 waɗansu malaman majami'a suka riƙe cewa horon jiki sashe ne na horon hali, suna kafa hujja da wasiƙar Bulus ga mutanen Koranti, inda ya kwatanta mai bi da ɗan tsere wanda ke kame kansa. Ƙungiyoyin da samarin Birnin Kebbi ke cika gidajen kallo dominsu, kamar Aston Villa a 1874, da Everton a 1878, da Manchester City a 1880, duk a gindin majami'u aka haife su. Ƙwallon kwando ma James Naismith ne ya ƙago shi a 1891 a makarantar ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA, shi kansa kuwa ya yi karatun aikin majami'a. A Nijeriya wasan ƙwallo na farko da aka rubuta labarinsa a Kalaba aka yi shi a 1904, tsakanin makarantar mishan ta Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan Ingila. Nan Arewa dai ta makarantun gwamnati wasanni suka fi shigowa, har a Birnin Kebbi ne wani malami Bature, Hogben, ya fara koyar da wasan ƙwallon bango da a ke kira Fives a shekarun 1920, wasan da Sardauna Ahmadu Bello ya so ƙwarai.

Yau a Jihar Kebbi ba abin mamaki ba ne a ga malamin wasa Kirista, mutumin ƙasar Zuru, ko ɗan bautar ƙasa daga Kudu, yana riƙe da yara waɗanda yawancinsu Musulmi ne. Iyaye sun danƙa masa amana, kuma a nan a ke gane ingancin bangaskiyarsa. Wanda ya mai da bakin fili wurin wa'azi ga 'ya'yan mutane ya ci amanar, ba da jimawa ba kuwa zai ga fili ya watse. Wanda ya fahimci aikinsa ya kan bi al'adar da ƙungiyoyin Nijeriya suka daɗe a kai, a yi da'ira kafin wasa, Musulmi ya yi addu'a, Kirista ya yi tasa. Kiristan da ya san labarin Eric Liddell, mutumin Sikotilan wanda ya ƙi tseren mita 100 a Olamfik na Faris a 1924 don an sa shi ran Lahadi, sa'an nan ya ci na mita 400, ba zai yi wuyar gane yaron da ya ce lokacin salla ya yi ba.

Wani tarkon kuma shi ne a ɗauki addu'a a sa ta a gurbin shiri. Ɗan kokawa da ya dogara ga laya ya ƙi tuwo, da ɗan ƙwallon da ya kwana a majami'a bai runtsa ba, ya shafa mai a ƙafa, ya shiga fili da azumin da ba ci ba sha, hanyarsu ɗaya. Taribo West, wanda ya buga wa Nijeriya ya kuma zama fasto daga baya, ya faɗa da bakinsa cewa ya daɗe yana kashe kuɗi wurin masu asiri lokacin da ya ke wasa. Mai horo na kirki ya kan yi addu'a, sa'an nan ya tambayi yaro ko ya karya kumallo. Tambayar nan kuwa a asirce a ke yinta, gama ɗan talaka ya gwammace ya faɗi a fili da ya ce a gaban 'yan'uwansa ba a ɗora tukunya a gidansu ba.

Azumi shi ne babbar jarrabawa. A gasar cin kofin duniya ta 2014 watan Ramadan ya kama ana saura kwana ɗaya ko biyu Nijeriya ta kara da Faransa, mai horo Stephen Keshi Kirista, a cikin 'yan wasansa kuwa akwai Musulmi irin su Ahmed Musa. A 2025 ma azumin Ramadan da azumin kwana 40 na Kirista kusan mako ɗaya suka fara, a watan Maris, daidai shigowar zafi. Ba aikin mai horo ba ne ya ba da fatawa a kan wanda zai sha azumi, wannan na malaman yaron ne. Nasa shi ne ya janye atisaye daga tsakar rana, ya mai da shi dab da faɗuwar rana ko bayan buɗe baki, ya rage tsawonsa, ya kuma gargaɗi yara su yi sahur da tuwo ko fura da ruwa isasshe, su bar shayi mai kauri da goro. In kuwa yaro ya fara tangaɗi, magana ta rikice masa, jiki ya yi zafi rau, to, wasa ya ƙare. A kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti tun ba a gama tambayar abin da ya same shi ba.