Omo, baƙin mai da busasshen tsumma: gaskiya da ƙarya a wankin mota a Zakka

Motar da ta tashi daga Zakka ta je Dutsin-Ma ko Batsari ta dawo a tsakiyar hunturu, jar ƙurar da ke jikinta ta isa ta faɗi inda ta fito. Yawancin masu Golf da Sharon da ke jigilar fasinja a ƙasar Safana, har da masu babur ƙirar Boxer, a ƙofar gida suke wanki: jarkar ruwa daga ɗan ga-ruwa, bokiti, ƙullin omo da tsumma. A wajen wankin ne kuma ake ta musu. Wani ya ce omo ne ke cinye fenti, wani ya ce yawan wanki ne, wani kuma ya rantse da baƙin mai. A cikin maganganun akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai wadda ke jawo asara.

Mu fara da omo, tunda shi aka fi ɗora wa laifi. Gaskiya ne ba don mota aka yi shi ba. Garin wanki, ko Omo ne ko Klin ko Viva, yana ɗauke da sinadarin soda, ɗan uwan kanwa, wanda aikinsa narkar da maiƙo daga tufafi. A ma'aunin da masana ke kira pH, ruwa zalla yana kan 7, ruwan omo kuwa yakan kai 10 ko ya ɗara. Idan ya hau jikin mota sai ya wanke folish ɗin da ke kare fenti, ya busar da robar gilashi da ta ƙofa, ya sa baƙar robar bamba ta yi fari. Ƙwayoyinsa da ba su narke ba su ma suna karce. Amma cewa wanki ɗaya da omo yana kashe fenti, wannan ƙari ne. Ɓarnarsa ta yau da gobe ce, kuma ta fi tsanani idan aka bar kumfar ta bushe a rana.

Sabulun ruwa na wanke kwanoni ya fi omo sauƙi, duk da shi ma yana tafiya da folish. Sabulun sanda da sabulun salo kuwa, in suka haɗu da ruwan rijiya mai nauyi sai su bar wani farin tabo a jikin fenti da gilashi. Wanda aka yi don mota, wato shamfu na mota da ake samu a shagunan kayan gyara a Katsina, shi ne daidai, domin ba shi da zafin soda kuma yana da santsin da ke sa ƙura ta zame. Murfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti, saboda haka tsadarsa ba ta kai yadda ake zato ba. Wanda bai samu ba, ya ɗiga sabulun kwanoni kaɗan a ruwa mai yawa, ya ɗauraye da wuri.

Sai maganar da ta fi kowace yaɗuwa, wai yawan wanki ne ke koɗar da mota, gara kullum da safe yaron mota ya karkaɗe ta da busasshen tsumma. A ganina wannan ɗabi'ar ta fi omo ɓarna nesa ba kusa ba. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai mai launi, sannan a sama akwai wani rufi marar launi wanda shi ke ba mota sheƙi. Wannan rufin bai kai kaurin silin gashin kai ba. Ƙurar da ke sauka a kansa kuwa, da ta hanyar marmara da hazon da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na arewacin Chadi, cike take da ɓarɓashin yashi, kuma yashi ya fi fenti tauri ƙwarai. Duk lokacin da aka ja busasshen tsumma a kan ƙura, ana gurza wannan yashin ne a jikin mota. Mai shakka ya tsaya gefen baƙar mota da hantsi ya dubi bonet, zai ga siraran zane zagaye-zagaye. Ba ruwa ne ya yi su ba. Haka ma guntun buhu da soson wanka da wasu ke dirza mota da su, da tsumman da ya faɗi ƙasa aka ɗauka aka ci gaba.

Maganin wannan bai buƙatar kuɗi. A fara kwarara ruwa zalla daga rufi zuwa ƙasa har ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa mota. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye tsumma, don kada yashin da aka kwaso ya koma jikin fenti. Tsumma ya zama mai laushi, tsohuwar rigar auduga ma ta yi, na tayoyi kuma daban, a bar su sai ƙarshe. Na san ruwa ba banza ba ne a garin da ake sayensa jarka-jarka, amma jarka biyu masu cin lita 25 sun ishi ƙaramar mota idan da moɗa ake zubawa.

Masu cewa kada a wanke mota a tsakiyar rana sun yi gaskiya. Ruwa na bushewa kafin a goge, ya bar tabon gishirin da ke cikinsa, ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi kuma yana iya tsawaita tsagar da ke akwai. Motar da ta dawo daga tafiya a bar ta ta huce, saboda faifan birki mai zafi yana iya lanƙwasa idan aka sheƙa masa ruwa. Inuwar bedi ta yi don wanki, sai dai kashin tsuntsu yana cin fenti, a wanke shi da zarar an gani.

Batun fesa baƙin mai ko gas a ƙarƙashin mota don hana tsatsa, rabinsa gaskiya ne: mai yana tare danshi. Sai dai a hanya mai ƙura yana tara ƙasa ta yi kauri, yana lalata robobin ƙafa, in ya taɓa birki kuma ya rage kamunsa. Abin da ke kawo tsatsa a nan shi ne lakar damina da ke maƙalewa a ramin taya, da takin zamani da ya zube a but, da fitsarin awaki da tumakin da aka kai kasuwa. Waɗannan ruwa suke so, ba mai ba. Shafa wa taya man birki ko baƙin mai don ta yi baƙi wul kuskure ne babba. Man birki yana ɗaye fenti idan ya ɗiga a kai, mai kuma yana sa taya santsi, abin da ke iya kayar da mai babur a kwana. Kananzir yana cire kwalta, wannan gaskiya ne, amma a ɗan goga a wurin kawai, a bi da sabulu nan take.

Masu Boxer su ma su kula: omo na wanke man sarƙa, don haka a sa mata mai bayan ta bushe, kada kuma a watsa ruwa a kan filogi ko bakin matatar iska. Direban da ba shi da ruwa yau, ya goge gilashi da fitilu da jiƙaƙƙen tsumma don ya ga hanya, ya bar sauran ƙurar a jikin mota har ranar da ya samu ruwan wanki.