Sukolashif Da Sunan Malamin Tamaula

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada wadda muke so mu kawo labarinta, musamman saboda malaman makaranta. Idan malamin wasan tamaula ya daɗe yana horon yara a sakandare ta gari guda, har ya bar aiki ko ya rasu, sai mutanen garin su tara kuɗi su kafa asusu da sunansa. Kowace shekara a ɗebi wani abu daga ciki a ba ɗan wasan da ya gama makarantar, ya tafi kwaleji da shi. Tamaular da muke nufi kuwa ba irin tamu ba ce. Ƙwallonsu kamar ƙwai yake, da hannu ake ɗaukarsa a yi gudu, mutum 11 kowane gefe, kowa da hular kwano don tsananin karo.

Ga misali daga Jihar Ayowa. Akwai wani ƙaramin gari na manoma, Parkersburg, wanda mutanensa wajen 2,000 ne. Cikin 1975 wani malami mai suna Ed Thomas ya zo garin, yana koyarwa a aji, da la'asar kuma yana horon 'yan tamaula. Bai sake barin wurin ba. Sau biyu yaransa suka ci gasar jiha, a 1993 da 2001. Huɗu daga cikinsu, watau Casey Wiegmann da Jared DeVries da Brad Meester da Aaron Kampman, har suka kai babbar ƙungiyar ƙwararru ta ƙasa, NFL, wadda ta zaɓe shi gwanin malaman tamaula na sakandare a 2005. Duk da wannan girma, shi da kansa ke yanke ciyawar filin wasa.

Ran 25 ga watan Mayu, 2008, wata muguwar guguwa ta faɗa wa garin, ta kashe mutane, ta rushe makarantar da gidan malamin. Ya tsaya kai da fata sai an gyara filin, aka kuwa yi wasa a kansa cikin kakar shekarar nan. Shekara na zagayowa, ran 24 ga watan Yuni, 2009, wani tsohon ɗan wasansa mai ciwon taɓin hankali, wanda aka sallamo daga asibiti kwana ɗaya kafin nan ba da sanin 'yan sanda ba, ya harbe shi a gaban yara a ɗakin motsa jiki. Ya rasu yana da shekara 58, bayan shekara 37 yana wannan aiki.

Abin da iyalinsa suka yi shi ya girgiza mutane. Tun ranar suka roƙi jama'a kada a juya wa iyayen yaron baya. Cikin 2010 jihar ta yi doka saboda wannan al'amari, a riƙa sanar da 'yan sanda kafin a sallami irin wannan majinyaci. Iyalin kuma suka kafa gidauniya da sunansa, cikin ayyukanta har da taimakon ɗalibai da kuɗin karatu.

To, me ya sa irin wannan asusu yake da amfani? Mutane da yawa suna zaton duk yaron da ya iya wasa a Amurka kwaleji za ta ɗauki nauyinsa. Ba haka ba ne. Hukumar wasannin kwalejoji, NCAA, ta ce wajen 2 cikin 100 ne kaɗai na 'yan wasan sakandare ke samun wannan. Sauran, ran da suka gama makaranta wasa ya ƙare, sai neman kuɗin karatu. Galibi su ne asusun gari yake taimaka wa, ko da kuɗin littattafai ne.

Akawuna za su fi kowa gane yadda abin ke tafiya. Hanya biyu ce. Ko dai a riƙa yin karo-karo kowace shekara a raba nan take, ko kuwa a ajiye uwar kuɗin a juya ta, a riƙa kashe wajen 4 ko 5 cikin 100 kaɗai. A ce an tara dala 25,000, to, 4 cikin 100 dala 1,000 ke nan kowace shekara, uwar kuɗi kuwa tana nan. Hanya ta fari tana da daɗi sa'ad da hawaye bai bushe ba, amma takan mutu da zarar waɗanda suka san marigayin sun watse. Mu dai ta biyu muka fi so, ko da yake abin da yaro zai samu a farko bai kai ya kawo ba.

Sai kuma maganar wa za a ba. Wasu kwamitoci sukan duba gwaninta a fili, wasu hali da ƙoƙari a aji da ƙarancin abin hannun iyaye. A ganinmu gwanin da ya yi fice ba zai rasa mai nemansa ba. Yaron da ya shekara huɗu bai fasa zuwa horo ba, ba a kuma taɓa buga sunansa a jarida ba, shi malami irin wannan ya fi sani, kuma shi ya kamata kwamiti ya tambayi sauran malamai labarinsa. Wannan tambaya sai ƙara nauyi take yi, gama yaran da suka gama sakandare a 2025 ba su wuce shekara uku ba sa'ad da Ed Thomas ya rasu.