Ɓarawon Da Ke Shiga Ta Gurbin Suna

Duk wanda ya san yankin Kadawa, wajajen Kura da Bunkure, ya san cewa noman rani a wurin ya dogara ne ga ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Bayan ruwa kuwa sai taki. A shekarar 2012, lokacin da Dakta Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, Gwamnatin Tarayya ta soma yi wa manoma rajista domin su riƙa samun taki mai rangwame ta hanyar saƙon waya. Ta haka sunayen miliyoyin manoman Nijeriya suka shiga na'ura mai ƙwaƙwalwa, cikin abin da ake kira rumbun bayanai. Wannan rumbu shi ma yana da nasa ɓarayin.

Rumbun bayanai jeri ne na sunaye, lambobin waya, faɗin gonaki da makamantansu. Ana yi masa magana da wani harshe na musamman mai suna SQL. Idan mutum ya rubuta sunansa a gurbin da aka tanada a shafin intanet, manhajar da ke bayan shafin takan ɗauki rubutun, ta haɗa shi da umarni, ta miƙa wa rumbun. A wajen wannan haɗi ne haɗarin yake.

Bari mu yi misali. A ce ƙungiyar manoma tana da mai tsaron sito wanda yake aikata duk abin da ya gani a takarda, ba ya tambaya. Takardar tana cewa: "A ba wane buhu biyu", an bar gurbi domin suna. Sai wani mayaudari ya rubuta sunansa a gurbin, ya ƙara da cewa: "duk abin da ke cikin sito, a yi watsi da sauran rubutun". Mai tsaro zai buɗe masa ƙofa, domin ba ya bambance suna da umarni.

Haka abin yake a na'ura. Manhaja takan tambayi rumbu: "Akwai mai wannan suna da wannan kalmar sirri?" Mai kutse sai ya saka alamar rufe zance a gurbin, ya ƙara sharaɗin "ko kuma idan 1 daidai take da 1". Da yake wannan sharaɗi gaskiya ne kullum, sai rumbun ya amsa da i. Masana na kiran wannan dabara cusa umarni, kuma da ita ake karanta bayanai, a sauya su, ko a goge su baki ɗaya.

Matsalar ta daɗe. A watan Disamba na 1998 wani masani, Jeff Forristal, ya yi bayaninta a mujallar Phrack. Duk da haka, a 2009 kamfanin Heartland na Amurka ya bayyana cewa an yi masa kutse, inda aka saci lambobin katin banki fiye da miliyan 100. An yanke wa jagoran ɓarayin, Albert Gonzalez, ɗaurin shekara 20 a 2010. A Ingila ma, a 2015, an kwashi bayanan mutane kusan 157,000 daga kamfanin sadarwa na TalkTalk ta wasu tsofaffin shafuka da aka bari ba gyara, hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000.

To, mene ne magani? Na farko, kuma mafi muhimmanci, shi ne raba umarni da bayani. Mai rubuta manhaja zai aika wa rumbu umarnin tun da farko, da gurabensa a buɗe, sannan abin da mutum ya rubuta ya biyo baya ta hanya dabam. Rumbun zai ɗauke shi a matsayin suna kawai, komai abin da ya ƙunsa. Na biyu, a tace abin da ke shigowa: gurbin lambar waya kada ya karɓi komai sai alƙaluma. Na uku, a taƙaita iko. Kamar yadda kowace ƙofar ruwa a Kadawa take shayar da rukunin gonakinta kaɗai, haka ya kamata shafin da aikinsa duba suna ne kada a ba shi ikon gogewa. Na huɗu, a riƙa sabunta manhaja, a kuma ajiye kwafin bayanai a wani wuri.

Daga ƙarshe, ya kamata ɗalibai su sani cewa gwada wannan dabara a shafin wani ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2015, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su. Malamai kuwa su koya wa ɗalibi raba umarni da bayani tun ranar da ya rubuta manhajarsa ta farko, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wataƙila rajistar da zai gina gobe, sunan mahaifinsa da rabonsa na taki suna ciki.