JIRGIN ƘASA YA KOMO WA TALAKAWAN AGEGE

Duk wanda ya zauna a Agege ko Mushin ya san wahalar shiga tsakiyar Ikko. Lebura da ɗan kasuwa kan bar gida tun asuba, su galabaita cikin danfo da cunkoson motoci, kana abin da suka samo ya ƙare a kuɗin mota.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A 1983 Gwamna Alhaji Lateef Jakande ya ƙaddamar da shirin jirgin ƙasa na cikin gari, amma gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Sai a 2024 aka buɗe layin da ake kira Red Line, mai tsawon kilomita 27, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba.

Ga Hausawan Agege, watau jikokin fataken goro da hanyar dogo ta tara tun zamanin Turawa, tasha ba baƙuwa ba ce. Sun san duk inda jirgi ke tsayawa nan kasuwa kan ci, mai shayi da mai tsire su samu ciniki.

To, amma fa da sharaɗi. In tikiti ya fi ƙarfin lebura, ko kuwa babu ƙananan motocin da za su kwaso jama'a daga lunguna zuwa tasha, sai dai talaka ya ga wucewar jirgi. In kuma masu gidaje suka ninka haya, waɗanda aka yi aikin dominsu su ne za su fara tashi. Wajibi ne hukuma ta sa ido.