Gurnanin Ƙafar Gaba: Abin da Boris Ke Faɗa wa Direba Kafin Taya Ta Fice

Duk ranar Juma'a, motocin da ke tashi daga Kademi da Gaya da Ajingi zuwa kasuwar Wudil ba sa tafiya da sauƙin kaya. Buhunan gero da gyaɗa a but, awaki a ɗaure, fasinja kuma an cusa har sai ƙofa ta rufu da ƙyar. Da yawa daga cikin motocin nan sun girmi masu tuƙa su. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma har yau ana cin karo da a-kori-kurarta a hanyoyin ƙauye. Ita ma Golf 3, wadda ta mamaye tashoshin haya, tun 1991 ta fito.

Nauyin nan duka yana sauka ne a kan wani ƙarfe da bai cika tafin hannu ba, wato boris ɗin ƙafa. Zobe biyu ne na ƙarfe, da ƙwallaye ko 'yan sandunan ƙarfe a tsakaninsu suna mirginawa cikin giris. Tayar ƙaramar mota tana juyawa kusan sau 500 a kowace kilomita. Idan direba ya taka ta kai gudun kilomita 100 a awa, boris yana juyi fiye da sau 800 ke nan a minti ɗaya, ɗauke da mota da kaya da mutane.

Ba ya mutuwa farat ɗaya. Yakan fara da gurnani, wani sauti mai kama da na jirgin sama daga nesa, wanda ke ƙaruwa da ƙaruwar gudu. A nan ne direbobi ke yaudarar kansu. Wani ya ce kwalta ce, wani ya ce taya ce, wani kuma ya ƙara sautin rediyo. Gwajin farko ba ya cin ko sisi. A hanya mai kyau wadda babu cunkoso, a cire giya na ɗan lokaci a saurara. Idan ƙarar inji ta sauka amma gurnanin yana nan, ba daga inji yake ba. Sai a ɗan karkata sitiyari a hankali. In an juya sitiyari hagu, nauyi yana komawa ƙafar dama, saboda haka idan ƙarar ta ƙaru a lokacin, galibi boris ɗin dama ne ya ci. Tayar da ta cinye a karkace ma tana irin wannan kuka, shi ya sa bakanike mai hankali yakan fara musanya tayoyi kafin ya kwance komai.

Gwaji na biyu na jak ne. A ɗaga ƙafar, a tokare motar da abu mai ƙarfi, don jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. A kama taya sama da ƙasa a jijjiga. Idan tana kaɗawa, a sa yaron mota ya taka birki a sake jijjigawa. In kaɗawar ta ɓace, boris ne. In tana nan, a duba boljoyin. Sannan a juya tayar da hannu, a ɗora ɗaya hannun a kan sifirin: lafiyayyen boris sumul yake juyawa, wanda ya ci kuwa za a ji gurzarsa a yatsu.

Akwai kuma zafi. Bayan tafiya, a kai hannu kusa da tsakiyar kowace ƙafa ta gaba, ba tare da an dafa ba. Idan ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, ko ana jin ƙaurin giris, akwai magana, ko dai boris ko birki ne ya riƙe. Wata alamar da ba a cika lura da ita ba ita ce birkin da sai an taka sau biyu yake kamawa bayan an sha kwana, domin faifan birkin da ke rawa yana tura fatun birki baya.

Hanyoyin wannan yanki ba sa raga wa boris. Da damina mota takan fito daga kwalta ƙafarta da zafi, ta faɗa kududdufi a hanyar burji. Ƙarfen ya huce nan take, ya zuƙo ruwa ta bakin robar da ke tare giris, sai tsatsa ta fara aiki daga ciki. Da rani kuma ƙura da rairayi ne ke shiga su gauraya da giris su riƙa cin ƙarfen. Ramuka da lodin da ya wuce kima su ƙarasa sauran.

Babban kuskuren da ake tafkawa yana faruwa ne a gareji. Direba ya zo a gaggauce, fasinja na jira a tasha, ya ce: "Oga, ɗan ɗaure min notin nan kawai, in na dawo daga Wudil ma gyara." Ɗaure noti yana ɓoye kaɗawar, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye. Ƙari ma, matsin yana korar giris daga inda ake bukatarsa, zafi ya hau, boris ya ƙone ya manne da sandar da yake juyawa a kanta. Daga nan ko ƙafa ta ƙame mota ta fizge gefe guda, ko taya ta fice gaba ɗaya da birkinta. Bakaniken da ya amsa da "Malam direba, wannan ba ta tafiya yau" ya fi wanda ya ɗauko sifana ƙaunar mai motar, ko da a ranar za a rabu ba daɗi.

Ya kamata mai mota ya san cewa boris ɗin gaba iri biyu ne. Motocin da ƙafar baya ke turawa, irin su 504 da tsohuwar Hilux, nasu ana kwance shi, a wanke, a sa giris, a daidaita. A cikin irin waɗannan akwai mai 'yan sanduna masu tsukakken kai, wanda Henry Timken, wani maƙerin keken doki a Amurka, ya yi wa rajista a 1898. Wajen canzawa, boris ɗin ciki da na waje ake canzawa tare, har da zoben da ke zaune cikin hob, domin sabon boris a kan tsohon zobe ba ya daɗewa. Robar tare giris ma sabuwa ake sawa. A wanke komai da kananzir, a duba sandar: in ta yi shuɗi ko ta yi zane, ta sha wuta, ita ma sai an canza. Giris kuma cusa shi ake yi da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, ba shafawa a sama ba, kuma ba a cika hob da shi maƙil. Noti ana ɗaure shi ana juya taya don komai ya zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa kaɗan gwargwadon ƙa'idar motar, sannan a kulle shi da sabon fin ko a doke leɓensa. Lanƙwasasshiyar ƙusa ba fin ba ce, ko da kuwa an saba ganinta.

Golf daban take. Ƙafar gaba ce ke jan ta, boris ɗinta a rufe yake zuwa da giris ɗinsa, ba a wanke shi, ba a daidaita shi. Da injin matsi ake fitar da tsohon a shigar da sabon. Wanda ya buga shi da guduma ya riga ya lotsa shi tun bai hau titi ba, shi ya sa ake jin direba yana ƙorafin ya canza boris wata biyu da suka wuce ga shi ya dawo da kuka. Notinta kuma, saɓanin na 504, tamau ake ɗaure shi.

Sai maganar saye. A kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano akwai sabo, akwai ɗan Beljiyam, akwai kuma jabu mai ɗauke da sunan manyan kamfanoni irin su SKF na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1907. Kwalin jabu kan yi kyau har ya ruɗi bakanike. A tafi da tsohon boris a gwada lambar da ke jikinsa, a saya wurin ɗan kasuwar da zai karɓi kayansa in an dawo da shi, kuma a yi shakkar duk wanda farashinsa ya faɗi ƙasa warwas.

Bayan gyara, kada a yi lodi nan take. A zaga da motar babu kaya, a dawo a ji zafin ƙafar, a sake ɗagawa a jijjiga. Shi ma fasinjan da ke zaune a gaba, wanda ƙafafunsa ke daf da tayar, yakan riga direba jin gurnanin, kuma yana da damar cewa a tsaya a duba, ko ya sauka a Gaya ya nemi wata motar.